Kurakuran da masu sabuwar kyanwa ke tafkawa kafin su kulle ƙofa su fita

Na gaji da jin koke iri ɗaya daga bakin mutane daban-daban. Mutum zai ɗauko kyanwa ranar Lahadi, washegari ya kulle gida ya tafi wurin aiki, da yamma ya dawo ya tarar ta jiƙa masa katifa da fitsari, ko ta shige bayan kabad ta ƙi fitowa, ko kuma maƙwabta su tare shi a bakin ƙofa su ce tun safe take kuka. Daga nan sai ya yanke hukunci cewa kyanwar ce ba ta da hali. In ka zaunar da shi ka tambaye shi a ina ya bar ta, da me ya bar ta, har tsawon awa nawa, za ka tarar kurakuran nan dai su ne, ba sa canzawa. Wasu ƙanana ne, gyaransu bai wuce minti biyar ba. Biyu daga ciki kuwa suna iya kashe dabbar, kuma a kansu zan fi daɗewa domin na ɗanɗana kuɗata.

Tushen matsalar shi ne zancen nan da ake yawan yi, wai mage ba ta damu da kowa ba, in dai da abinci a gabanta shi ke nan. A shekarar 2019 Kristyn Vitale da abokan aikinta a Jami'ar Jihar Oregon da ke Amurka sun yi wa kyanwoyi irin gwajin da ake yi wa ƙananan yara. A shiga da kyanwa baƙon ɗaki tare da mai ita, ya fita ya bar ta na minti 2, sannan ya dawo a ga yadda za ta karɓe shi. Kusan kashi 65 cikin 100 sun nuna dawowarsa ce ke kwantar musu da hankali: su zo su gaishe shi, sannan su ci gaba da zagaya ɗakin a natse. To wannan ke nan ga wadda ta riga ta shaƙu da mai ita. Wadda ka kawo jiya ba ta san ka ba tukuna, ga shi kuma ka raba ta da wurin da ta sani. Kyanwa kuwa rabin natsuwarta a jikin wuri yake. In ka gan ta tana goga kumatunta a ƙafar kujera ko a gefen ƙofa, wani sinadari take shafawa wanda hancinmu ba ya ji, da shi take gane cewa nan nata ne. Gidanka a ranar farko babu ko ɗigon wannan alama a cikinsa.

Shi ya sa sakin mata gida gaba ɗaya tun ranar farko kuskure ne, ko da da kyakkyawar niyya aka yi shi. Kai kana ganin ka yalwata mata, ga falo, ga ɗakin girki, ga ɗakunan kwana. Ita kuwa abin da take gani fili ne mai faɗi da ba ta san abin da ke ɓoye a kowane lungunsa ba. Da ka fita za ta nemi rami mafi duhu, bayan firiji ko ƙarƙashin gado, ta lafe a can. Ba za ta fito ta ci ba, ba za ta ratsa falo ta je wurin yashin da aka zuba mata don fitsari da kashi ba, in fitsari ya matse ta sai ta yi shi a wurin da ya fi kusa kuma ya fi warin jikinka, wato shimfiɗarka.

Gyaran shi ne ɗaki guda, mai ƙofa da ake rufewa, wanda ba a yawan shiga da fita. A sa mata abinci a kusurwa ɗaya, ruwa a wata, mazubin yashi a can nesa da su. A kifa kwali a huda masa ƙofa biyu, don kyanwa ba ta son maɓoyar da ba ta da hanyar tsira ta baya. Ni nakan jefa tsohuwar rigata da na sa ban wanke ba a cikin kwalin. A kuma bar mata wani wuri mai tudu, ko saman tebur ne, inda za ta hau ta hango ƙofa. Idan ta ɓuya, don Allah a ƙyale ta. Kada a zura hannu a janyo ta don a nuna wa baƙi, wannan yana mayar da aikin baya. Alamar cewa lokacin buɗe mata sauran gida ya yi ita ce ka ga tana cin abinci kana zaune a ɗakin, tana tarbar ka da jela a miƙe sama, tana leƙen ƙasan ƙofa. Wata cikin 'yan kwanaki take kai wa nan, wata sai ta yi mako 2 ko fiye.

Wata al'ada tawa da wasu ke gani kamar wahalar da kai ce: ba na ɗauko kyanwa sai a farkon hutu, kuma tun ina gida nake fara koya mata fitata. In fita na minti 10 in dawo, an jima rabin awa, washegari awa 2. Ranar da zan koma aiki ta riga ta san cewa rufe ƙofa ba ya nufin an tafi ke nan.

Yanzu ga abin da ke tayar mini da hankali duk inda na gan shi: zare. Kowa ya saba ganin hoton 'yar kyanwa tana wasa da ƙwallon ulu, har mutane sun ɗauka shi ne abin wasan da ya dace a bar mata. Ina da wata 'yar kyanwa fara mai baƙin tabo a kan hanci, ba ta daɗe da zuwa ba. Tausayinta ya sa da zan fita na bar mata sandar wasanta, irin mai doguwar igiya da gashin tsuntsu a ƙarshe, don kada kaɗaici ya dame ta. Da na dawo na tarar da sandar a tsakar ɗaki, gashin tsuntsun a gefe, igiyar babu. Na ce a raina ta ja ta wani lungu. Washegari ta fara amai, ta ƙi abinci, ta zauna a takure da ƙafafunta a ƙarƙashin ƙirji, in na taɓa cikinta sai ta yi ƙara ta janye. Na ɓata lokaci ina cewa ɓacin ciki ne, zai wuce. Da na kai ta asibitin dabbobi, likitan ya buɗe bakinta ya ɗaga harshen, sai ga igiyar ta naɗe a gindinsa, sauran ta bi maƙogwaro ta yi ƙasa. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Malam, tun yaushe take wannan aman?" Na faɗa masa. Bai ce komai ba, ya sa aka shirya ɗakin tiyata.

Ku fahimci yadda abin yake, don ku daina ɗaukarsa wasa. Harshen kyanwa cike yake da ƙananan ƙayoyi masu kallon ciki, su ne kake ji suna kartar ka in ta lashi hannunka. Da zarar zare ya maƙale a jikinsu ba ta iya tofar da shi, sai dai ta yi ta haɗiya. Idan baki ɗaya ya kama a ƙarƙashin harshe ko a mafitar tumbi, hanji zai ci gaba da ƙoƙarin tura sauran gaba, ba ya tafiya, sai hanjin ya tattare a jikinsa kamar yadda bakin wando ke tattarewa a jikin zariya. Zaren ya yi tsam, ya riƙa yankan bangon hanjin har ya huda shi, ƙazantar ciki ta tsiyaye cikin kogon ciki. Tawa ta rayu, amma sai da aka yanke wani sashe na hanjinta, ta daɗe tana jinya da ɗinki a ciki, duk saboda igiyar da ni na ajiye mata da hannuna.

Saboda haka ba na sassauta wa kowa a kan wannan. Kafin ka kulle ƙofa, durƙusa ka duba ƙasa da idon kyanwa. Zaren ɗinki, musamman wanda ke da allura a jiki, ulu, kintinkiri, robar ɗaure gashi, zaren sakace haƙori da aka jefa a kwandon shara, igiyar takalmi, duk a kwashe a sa a aljihun tebur a rufe. Sandar wasa ta lokacin da kake riƙe da ita ce kawai, in an gama a ɗaga ta inda ba za ta kai ba. Igiyar jan labule kuma a naɗe ta sama, don ita shaƙewa take yi. Kuma in ka ga bakin zare yana leƙowa daga bakinta ko daga duburarta, kada ka ja. Na ji mutane suna faɗa da alfahari cewa sun zare shi a hankali. Wanda ya ja bai san abin da ɗaya bakin ya naɗe a ciki ba, jan nan na iya ƙarasa yanke hanjin. Ɗauke ta ka kai wa likita a yadda take.

Abin da nake bar mata ba shi da wani tsada ko ƙawa: ƙwallon tanis na tebur, takarda da aka dunƙule ta kai girman da ba za ta haɗiye ba, da kwali. Ba na zube su duka lokaci guda, yau wannan gobe wancan, don abin da ta saba gani kullum a ƙasa ba ya ƙara burge ta.

Ga wasu ƙananan sakaci da ba sa buƙatar dogon bayani. A rufe ƙofar injin wanki, kuma a leƙa ciki kafin a kunna. A rufe murfin masai da duk wani bokiti mai ruwa, 'yar kyanwa na faɗawa ta kasa fita. Leda mai hannu tana sarƙe wuya. Tagar da ba ta da raga mai ƙarfi a rufe ta, haka ma baranda, don kyanwa na faɗowa daga bene ta karye in tsuntsu ya ɗauke mata hankali. Wayar caja a cire a naɗe. Abin wuya in ba irin mai ɓallewa da kansa ba ne idan ya maƙale, gara babu. Kafin ka rufe kabad ko wani ɗaki, tabbatar ka gan ta da idonka a waje.

Na biyun da ya fi ƙona mini rai shi ne tara abinci a kwano a yi tafiya. Wannan shi ne kuskuren da mutane ke kare kansu a kai da ƙarfi, su ce ai kyanwa tana iya kula da kanta. Ni ma da haka na yarda. Ina da wani muzuru matashi, ja mai faɗin kai, da na karɓo daga hannun wanda ya kasa riƙe shi. Bai gama sabawa da gidan ba tafiyar ƙarshen mako ta taso mini. Na cika masa kwano da busasshen abinci, na cika wani da ruwa, na zuba sabon yashi, na kulle. Da na dawo bai tarbe ni ba. Na same shi a cikin mazubin yashi ya tsuguna yana nishi, ya fito, ya lashi ƙasan jelarsa, ya sake komawa ya tsuguna. Yashin kusan a bushe yake, sai ɗigo-ɗigo masu ja. Abincin da kaɗan ya taɓa, ga amai a bakin ƙofa. Likita na taɓa mararsa ya ce mafitsara ta cika ta yi tauri, hanyar fitsari ta toshe. Aka sa masa roba aka zuƙe, aka ɗaura ruwa, amma gubar ta riga ta yi nisa a jininsa. Bai kwana ba.

Hanyar fitsarin muzuru siririya ce kuma doguwa, ba kamar ta mace ba. Tsakuwa 'yar mitsitsiya ko dunƙulen majina daga kumburin mafitsara ya isa ya toshe ta. Damuwa, irin ta sauya gida, da ƙarancin shan ruwa suna cikin abubuwan da ke tayar da wannan kumburi. In ta toshe, ƙoda ba ta da inda za ta zubar da dattin jini, sinadarin fotashiyam ya taru har ya taɓa bugun zuciya. Bayan awa 24 ran dabbar na cikin haɗari, cikin kwana 2 zuwa 3 yana iya mutuwa. Toshewar na iya faruwa ko kana gida, wannan gaskiya ne. Amma wanda ke gida zai ga zirga-zirgar nan zuwa wurin yashi tun ranar farko, a buɗe hanyar, muzuru ya koma gida da ƙafarsa. Nawa babu wanda ya gan shi.

To ku da kuke cewa "kwana biyu ne kawai", ku gaya mini wa zai gani in ruwan ya kife tun awar farko? Wa zai gani in ƙofa ta rufe da iska ta raba ta da yashinta? Wa zai lura ta daina ci? Don ita ma ƙin cin abinci ba ƙaramin abu ba ne ga kyanwa. In ta yi 'yan kwanaki ba ta ci ba, musamman mai ƙiba, jiki yakan kwaso kitse ya jibge wa hanta fiye da yadda za ta iya sarrafawa, hantar ta fara gazawa. Sabuwar kyanwa mai tsoro ita ce ta fi kowa saurin ƙauracewa kwano.

Ga ƙa'idar da nake bi, kuma ba na canza ta don wani ya ce tasa ta yi mako ita kaɗai ba abin da ya same ta. Babbar kyanwa mai lafiya da ta saba da gida tana iya wuni ita kaɗai ba matsala, iyakarta awa 24. Abin da ya wuce haka sai an sami mai zuwa kullum. Sabuwa kuwa, a makonnin farko ba na kwana a waje sam. 'Yar da ba ta kai wata 4 ba kada ta wuce kamar awa 4 ba a leƙa ta ba, kuma har ta kai wata 6 tana buƙatar ci sau 3 ko 4 a rana saboda cikinta ƙarami ne. Wanda aikinsa ba zai bari ya yi haka ba, ya nemi babbar kyanwa ya ɗauka, ya bar jaririya ga mai lokaci. Shi kuma wanda za ka bar wa makulli, kada ka tsaya a "ka zuba mata abinci". Ce masa ya ga kyanwar da idonsa ko da a maɓoyarta ne, ya duba ko an ci abincin jiya, ya duba yashi ya ga akwai jiƙaƙƙen wuri da kashi. Ka bar masa lambar likitan dabbobi a rubuce, ka kuma ba shi izinin kai ta ba sai ya jira ka ba.

Maganar ruwa tana da alaƙa da wannan. Kyanwar gida ta samo asali ne daga wata magen daji ta busassun ƙasashe, wadda ta fara zama kusa da mutane a Gabas ta Tsakiya kimanin shekaru 10,000 da suka wuce. Kakanninta daga jikin abin da suka farauto suke samun yawancin ruwansu, shi ya sa har yau ƙishirwa ba ta cika tura ta zuwa kwano ba. Ga shi kuma tana buƙatar kimanin mililita 50 a kan kowane kilo na nauyinta a rana, wato mai kilo 4 wajen mililita 200, har da wanda ke cikin abinci. Kwano ɗaya ƙarami a manne da na abinci bai wadatar ba. Ni biyu nake ajiyewa a wurare daban, masu faɗin baki da nauyi yadda ba za su kife ba, in sauya ruwan kowace safiya. Abinci mai laima nakan ba ta kafin in fita da bayan na dawo, ba na barin sa ya wuni a buɗe don yana lalacewa cikin 'yan awoyi. Madara kuma a daina. Yawancin kyanwoyi bayan yaye ba sa iya narkar da sukarin da ke cikinta, zawo za ka dawo ka tarar. Kada kuma a sauya mata abinci a makon farko, a tambayi abin da take ci a inda ta fito a ci gaba da shi, in za a canza a riƙa gaurayawa kaɗan-kaɗan.

Mazubin yashi mutane sukan sayo ɗan ƙarami, su tura shi kusa da injin da ke ƙara ko gefen kwanon abinci, su yi kwanaki ba su kwashe ba, sannan su yi mamakin ta koma bayan kujera. Tsawonsa ya kai ninki ɗaya da rabi na jikinta don ta iya juyawa ta tona. In ana da hali, yawan mazubai ya fi yawan kyanwoyi da ɗaya. A kwashe kafin a fita, a kwashe bayan an dawo. Yashi mai turare hancinka yake yi wa daɗi, ita yana iya korar ta.

Wani kuskuren shi ne tashi, wanka, fita, ba tare da an ba ta ko minti ɗaya ba, a bar dabba mai jini a jika da ƙarfinta a cike. Kyanwa tana barcin awa 12 zuwa 16 a rana, kuma ƙarfinta ya fi tashi da asuba da kuma gab da faɗuwar rana. Wannan rahama ce ga ma'aikaci, domin lokacin da ba ka nan shi ne dama lokacin barcinta, in dai ka sauke mata kuzarin safe. Nakan ɗauki minti 10 zuwa 15 da sandar nan, in ja ta a ƙasa tana nesa da ita, in ɓoye ta bayan ƙafar kujera, in tsaya cak, in sake fizga, yadda abin farauta ke yi. Kada ka riƙa kaɗa mata a fuska, ɓera ba ya zuwa wurin mage. Ka bar ta ta kama a ƙarshe, sannan ka ba ta abinci. Za ka ga ta ci, ta zauna ta lashe jikinta tas, ta nemi wuri ta naɗe. A lokacin nake ɗaukar makulli. Wani ɓangare na busasshen abincinta nakan zuba shi a cikin kwalin da ke tsakiyar takardar bayan gida, in lanƙwashe bakunan in huda 'yan ramuka, ta wuni tana mirgina shi. Taga mai raga da wurin zama a gabanta ita ma tana cinye mata awoyi. A kuma tanadi abin kartar farce mai tsayi da ba ya girgiza, in ba haka ba kujerarka za ta zaɓa.

Barin talabijin a kunne da ƙarfi wai don ya ɗebe mata kewa ba na yin sa. Kunnenta yana jin siraran sautuka da suka ninka iyakar jin ɗan Adam kusan sau 3, abin da kake ji daidai ita yana iya damun ta. In unguwar mai hayaniya ce, rediyo can ƙasa-ƙasa ya isa ya rufe ƙarar waje. Doguwar sallama a bakin ƙofa, a ɗauke ta a rungume ana lallashi, ita ma ba ta da amfani, fita kawai kamar kowace rana.

Abin da ba na iya jurewa shi ne wanda zai dawo ya tarar da ɓarna ya kama kyanwa ya dangwara hancinta a cikin fitsarin, ko ya ɗauki takalmi. Haba ɗan'uwa! Abin da ta yi tun hantsi ba za ta haɗa shi da dukan yamma ba. Darasin da ta ɗauka kawai shi ne dawowarka abin tsoro ne, tsoron kuma shi ne ya jawo fitsarin tun farko, ka ga ka ƙara wa wutar mai. Wanke wurin sosai, amma ban da sabulun da ke da amoniya, don warinsa na kama da na fitsari, zai sake kiran ta wurin. Sannan ka tambayi kanka me ya hana ta zuwa yashi. In abin ya maimaitu, a gwada fitsarinta a asibiti kafin a ce hali ne.

Akwai kuma masu ganin ta yi laushi su buɗe akwatin maganinsu. Ƙwaya ɗaya ta farasitamol tana iya kashe kyanwa, domin hantarta ba ta da isasshen sinadarin da ke warware shi, jininta ya kasa ɗaukar iska, dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska ta kumbura. Maganin ƙuma na karnuka, wanda za ka ga an rubuta permethrin a jikinsa, yana sa ta karkarwa da farfaɗiya. Furen lili, ko garin da ke tsakiyarsa ta lasa daga gashinta, yana lalata ƙoda. Albasa da tafarnuwa suna fasa ƙwayoyin jininta. Kada a fesa maganin ƙwari a ɗaki a kulle ta ciki, kada a ajiye maganin ɓera a inda za ta kai. Ɗakin da za ta wuni a ciki kuma ya kasance iska na shiga kuma da inuwa, don kyanwa ba ta haki haka kawai kamar kare, in ka gan ta baki buɗe tana haki to akwai matsala babba.

Saurin kawo ta biyu don ta taya ta zama shi ma ina hana mutane. 'Yan uwa biyu da suka tashi tare, in ka ɗauke su lokaci guda, wannan daidai ne, har ya fi sauƙi. Amma jefa baƙuwa a kan wadda ba ta gama mallakar ɗakinta ba, a kulle su a fita, faɗa ne da fitsari a kowane lungu. In dole sai an ƙara, a jira ta farko ta zauna daram, sannan a raba musu ɗaki, a riƙa musanya musu shimfiɗa su san warin juna kafin su haɗa ido. Kukan da ba ya ƙarewa kuwa wani lokaci ba kewa ba ce, balaga ce, don tun daga wata 4 mace na iya fara neman namiji, muzuru kuma ya fara feshin fitsari a bango yana neman hanyar fita. A yi magana da likita kan dandaƙa ko tiyatar hana haihuwa tun da wuri.

Idan na dawo gida, kafin in zauna nakan duba yashi, in duba kwanon abinci da na ruwa, sannan in nemi ita kanta in ga tafiyarta. In ta zo ta goga jikinta a ƙafata sai in durƙusa in miƙa mata yatsa ta shinshina, in ba ta zo ba in zauna a ƙasa in jira. Amma in na ga muzuru yana tsugunawa ba abin da ke fita, ko amai ya wuce sau ɗaya ko biyu, ko awa 24 ta cika ba a taɓa abinci ba, ko wani abin wasa mai igiya ya ɓace ban gan shi ba, a daren nan nake kiran likita, ba na jiran gari ya waye.